Gwaji ya nuna jinsi biyu na ƙwayar ciwon hanta a jinina, maigidana ya fara zargina

Assalamu alaikum Malama. Shekarata 34, na yi shekara 11 da aure, muna da 'ya'ya biyu, ɗaya mai shekara 9, ɗaya mai shekara 6. Shekara huɗu da suka wuce aka gano maigidana yana ɗauke da ciwon hanta nau'in C, aka ce jinsi na 1 ne, ya sha magani na wata uku, aka tabbatar masa ya warke. A lokacin likita ya ce ni ma in yi gwaji, amma tsoro ya hana ni, kuma ban ji ciwon komai ba. Watan jiya aka gwada jinina kafin wata ƙaramar tiyata, sai aka ce ina da cutar, takardar kuma ta nuna jinsi biyu a tare, na 1 da na 3. Da maigidana ya karanta sai ya ce: "Na 1 dai nawa ne, na yarda. Na 3 ɗin fa, a wurin wa kika samo shi?" Tun ranar ya ƙaurace wa shimfiɗata, maganarmu ba ta wuce gaisuwa. Allah Ya sani ban taɓa cin amanarsa ba. An taɓa yi mini ƙarin jini ina 'yar shekara 12 bayan wani haɗari, an kuma ƙara mini leda biyu a haihuwata ta fari. Shin jinsi biyu yana nufin ciwona ya ninka? Zan iya sayen irin maganin da ya sha, wato sofosbuvir da ledipasvir, in sha? Zan iya sake sa masa cutar? Ina kuma son ƙarin haihuwa. Ki taimake ni da shawara, don Allah a sakaya sunana.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba ki lafiya, Ya kuma sanyaya miki zuciya. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, na kuma lura cewa tambayar maigidanki ta fi sakamakon gwajin yi miki ciwo, don haka da ita zan fara. Wannan takarda da ke hannunku ba ta ɗauke da wata shaida a kan amanarki. Abin da take nunawa shi ne jinin wani mai ɗauke da cutar ya taɓa haɗuwa da naki, wataƙila sau ɗaya, wataƙila fiye da haka, a wani lokaci da takardar ba ta san shi ba. Tarihin da kika ba ni na ƙarin jini har leda uku ya isa ya bayyana abin da aka gani ba tare da an nemo wani dalili ba. Zan yi miki bayanin yadda hakan yake dalla-dalla, domin idan kin zauna da shi ki yi magana da sani, kada hawaye kaɗai su zama hujjarki.

Da farko akwai kalmar da ke rikita mutane. Idan ma'aikacin ɗakin gwaji ya ce "jinotaif", yawancinmu tunaninmu yakan tafi kan AA da AS da SS na gwajin sikila. Wanda aka rubuta miki ba shi da alaƙa da jininki na gado, jinsin ƙwayar cutar ne da kanta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in C tana ɗauke da rubutun halittarta a kan wani zare da ake kira RNA, mai haruffa kimanin 9,600. Duk lokacin da za ta hayayyafa a cikin hanta sai ta kwafi wannan rubutu, amma abin da take kwafa da shi ba ya komawa baya ya gyara kuskure, kamar magatakardan da ke rubutu da gaggawa ba ya duba abin da ya rubuta. A jikin mutum ɗaya tana iya samar da sababbin ƙwayoyi kusan tiriliyan ɗaya a kwana guda, kowace da 'yan kurakuranta. Saboda haka ko wanda aka ce masa jinsi ɗaya gare shi, a gaskiya taron ƙwayoyi ne masu kama da juna ke yawo a jininsa. Da wannan saɓani ya taru cikin ɗaruruwan shekaru a yankuna daban-daban, sai ƙwayar ta rabu zuwa manyan jinsuna, waɗanda masana suka ƙirga takwas zuwa yanzu, da rassa fiye da 90 da ake bambantawa da harafi, kamar 1a da 1b da 3a. Tsakanin jinsi da jinsi akwai bambancin kusan kashi 30 cikin 100 na rubutun, wanda tazara ce babba ga ƙwayoyin da ke amsa suna ɗaya.

Jinsi na 1 shi ne ya fi yawa a duniya, yana da kusan rabin dukkan masu ɗauke da cutar, na 3 kuma shi ke bi masa, ya fi yawa a Fakistan da Indiya amma ya bazu ko'ina. Na 2 yana da tsohon tushe a Afirka ta Yamma, na 4 ya fi yawa a Masar da tsakiyar Afirka, na 5 a Afirka ta Kudu, na 6 a kudu maso gabashin Asiya, na 8 kuwa sai a 2018 aka bayyana shi, a jikin wasu 'yan asalin Indiya mazauna Kanada. Kin ga ke nan jinsunan da aka samu a jininki su ne na ɗaya da na biyu a yawa, haɗuwarsu a jiki ɗaya ba abin al'ajabi ba ne. Labarin Masar ma yana da amfani ga maigidanki ya ji shi. Daga shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1980 an yi gangamin yi wa miliyoyin mutane allurar maganin tsargiya a ƙauyukan bakin kogin Nilu, ana amfani da sirinjin gilashi da ba a tsaftace shi yadda ya kamata tsakanin mutum da mutum. Ta nan jinsi na 4 ya mamaye ƙasar, har a wancan zamani Masar ta zama ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta idan aka kwatanta da yawan jama'arta, yara da tsofaffi da matan aure da malamai. Babu wanda ya yi laifin komai a cikinsu illa miƙa hannu a yi masa allura.

Jinsi biyu suna shiga jiki ɗaya ta hanya biyu. Ko dai su shiga lokaci guda, idan jinin da ya taɓa mutum na mai ɗauke da biyun ne, ko kuma ɗaya ya fara shiga, bayan shekaru ɗayan ya biyo baya. Abin da ya sa na biyu yake samun ƙofa shi ne garkuwar da jiki ya yi wa na farko ba ta tare shi, domin ƙwayar tana sauya fatarta ta waje da sauri, sojojin jiki su zo nemanta da tsohuwar kama su tarar ta canja. Wannan saurin sauyi na daga cikin manyan dalilan da suka sa har yau babu allurar rigakafin nau'in C, alhali akwai ta nau'in A da ta nau'in B. Likitoci sun fi ganin haɗuwar jinsuna a jikin waɗanda jininsu ya sha haɗuwa da na wasu: masu wankin ƙoda, masu sikila da sauran waɗanda ake yawan yi wa ƙarin jini, masu cutar rashin daskarewar jini da aka yi wa magani da sinadarin da aka haɗa daga jinin dubban mutane, da masu yi wa kansu allurar ƙwaya da sirinji ɗaya. Ke an ƙara miki leda uku, mai yiwuwa daga mutum uku, a lokuta biyu da shekaru masu yawa a tsakaninsu.

Wani zai ce ai ana gwada jini kafin a ƙara wa mutum. Gaskiya ne ana yi, amma sai a 1989 aka gano ƙwayar kanta, aikin da ya sa Harvey Alter da Michael Houghton da Charles Rice suka samu kyautar Nobel a 2020, kuma gwajin jinin da ake bayarwa ya fara ne a farkon shekarun 1990 a ƙasashe masu hali, ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya wadata a sauran wurare. Ko inda ake yin gwajin, wanda aka fi amfani da shi yana neman alamar garkuwar jiki ne, ita kuwa takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana, don haka jinin wanda bai daɗe da kamuwa ba yana iya wucewa a matsayin lafiyayye. Bayan ƙarin jini akwai allurar da aka sake amfani da ita, da kwalbar maganin da ake zuƙa wa marasa lafiya da yawa, da kayan tiyata ko na cire haƙori da ba a dafa su sosai ba, da reza ko abin huda fata na tarayya. Ƙwayar tana iya rayuwa kwanaki a busasshen jini a kan ƙarfe. Da wuya a samu baligin da zai rantse bai taɓa bi ta ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Hanyar da maigidanki yake zato kuwa ita ce mafi rauni a cikinsu. Nau'in B yana yaɗuwa ta saduwa cikin sauƙi, kuma ina jin daga nan mutane da yawa suke ɗauko hukuncinsu su ɗora wa nau'in C. Amma binciken da aka yi a kan ma'auratan da ɗaya yake da nau'in C ɗaya ba shi da shi ya nuna cewa a shekara guda waɗanda suke kamuwa ba su kai ɗaya cikin dubu ba. Haɗarin yana ƙaruwa ne idan akwai jini ko rauni ko cutar ƙanjamau. Wannan ya rushe rabin maganarsa na biyu, ya kuma girgiza rabin na farko, domin cewar da ya yi "na 1 dai nawa ne" ita ma ba tabbas ba ce. Miliyoyin mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suna ɗauke da jinsi na 1. Yana yiwuwa daga gare shi kika samu, ta reza ko abin yanke farce ko wata hanya ta zaman tare, yana yiwuwa kowannenku ya samo nasa daban kafin ku san juna, yana kuma yiwuwa ke ce kika shigo da shi tun daga jinin da aka ƙara miki kina 'yar shekara 12. Cutar tana iya zama shekara 20 ko 30 ba ta ce uffan ba. Ko da an kai jininku babban ɗakin bincike an karanta rubutun ƙwayoyin harafi bayan harafi, iyakar abin da za a iya cewa shi ne ko suna da kusanci ko ba su da shi, ba za a fitar da ranar kamuwa ba. Tun da nasa sun riga sun mutu da magani, ko wannan kwatancen ma ba zai samu ba sai idan an adana tsohon jininsa.

Akwai kuma wani abu game da takardar kanta da ya kamata ki sani. Gwajin tantance jinsi da aka fi yi a asibitoci yana duba wani ɗan yanki ne na rubutun ƙwayar, kuma wani lokaci yakan nuna alamar jinsi biyu alhali ɗaya ne, ko ya nuna ɗaya ya ɓoye na biyu idan bai da yawa. An ma taɓa samun ƙwayar da rabinta na jinsi ɗaya ne, rabi na wani, irin wadda aka bayyana a birnin San Fitasbag na Rasha a 2002, mai kan jinsi na 2 da jikin jinsi na 1. Idan likitanki yana da hanyar tabbatarwa da gwaji mai zurfi kuma ba zai yi muku nauyi ba, babu laifi a yi. Sai dai a ganina bai kamata ki jinkirta magani saboda shi ba, domin ko an tabbatar ko ba a tabbatar ba, maganin da ya dace da ke bai canja ba.

Game da tsoronki na cewa ciwon ya ninka, ki kwantar da hankalinki. Jinsuna biyu a hanta ɗaya sukan yi gogayya, sau da yawa ɗaya ya danne ɗaya, kuma abin da likita zai auna lafiyarki da shi shi ne yawan tabon da ya taru a hantar, ko jinsi nawa ne suka jawo shi. A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin waɗanda cutar ta zauna musu, kashi 15 zuwa 30 cikin 100 ne hantarsu ke taurarewa cikin shekara 20, wato mafi yawansu ba su kai wannan matsayi ba a wannan tsawon lokaci. Ba zan ɓoye miki ba cewa jinsi na 3 yana da halinsa: yana tara kitse a hanta, yana saurin jawo tabo fiye da sauran, kuma haɗarin sankarar hanta ya ɗan fi yawa tare da shi. Wannan dalili ne na yin hanzari. Ki nemi a duba matsayin hantarki, ko dai da lissafin da ake yi daga gwajin jini na yau da kullum, irin su APRI da FIB-4, ko da na'urar Fibroscan mai auna taurin hanta ba tare da yanka ba. Sakamakon wannan ne zai nuna tsawon maganin da kuma ko za ki ci gaba da zuwa hoton hanta duk wata shida bayan kin warke, abin da ake buƙata ga masu taurarriyar hanta ko mai tabo da yawa.

Yanzu maganin maigidanki. Don Allah kada ki saye shi, kuma idan akwai ragowarsa a gida kada ki taɓa. Haɗin sofosbuvir da ledipasvir, wanda ya fito a 2014, yana aiki sosai a kan jinsi na 1 da na 4 da na 5 da na 6, shi ya sa ya warkar da shi, amma ledipasvir ba shi da ƙarfi a kan jinsi na 3. Idan kika sha shi, abin da ake tsoro shi ne ya kashe na 1 ya bar na 3 ya samu fili shi kaɗai, ki yi wata uku kina shan magani sannan gwaji ya nuna cutar tana nan. A nan ne haɗuwar jinsuna take da muhimmanci a wurin likitoci, kuma an sha ganin mutanen da aka ɗauka maganin ya gaza musu ko sun sake kamuwa, ashe jinsi na biyu ne da ya ɓuya tun farko ya fito. A zamanin allurar interferon, wato tsohon maganin cutar, matsalar ta fi haka tsanani, domin mai jinsi na 1 sai ya yi mako 48 yana shan wahala kuma kusan rabi ne ke warkewa, mai na 2 ko na 3 kuma mako 24. Yau akwai magunguna masu kama dukkan manyan jinsuna, kuma tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da su ga kowane baligi mai cutar: sofosbuvir da velpatasvir na mako 12, ko sofosbuvir da daclatasvir na mako 12 ga wanda hantarsa ba ta taurare ba, ko glecaprevir da pibrentasvir wanda yawanci mako 8 ne. Fiye da kashi 95 cikin 100 na masu sha suna warkewa, kuma ko an samu akasi akwai wani haɗin magunguna uku da aka tanada don sake magani. Zaɓi tsakaninsu aikin likitan hanta ne, bayan ya ga matsayin hantarki da ƙodarki.

Kafin ki haɗiyi ƙwaya ta farko, ki tabbata an gwada ki nau'in B da cutar ƙanjamau. Na B ya fi damuna, domin idan yana kwance a jiki yana iya farkawa da ƙarfi lokacin da ake kashe na C, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi na musamman a kan haka a 2016. Idan ba ki da shi kuma ba ki da garkuwarsa, ki karɓi allurar rigakafinsa. Ki kai wa likita duk abin da kike sha, har da wanda kike ganin ba komai ba ne, domin maganin tarin fuka rifampicin da maganin farfaɗiya carbamazepine suna raunana waɗannan magunguna, maganin zuciya amiodarone yana iya rage bugun zuciya matuƙa idan ya haɗu da sofosbuvir, magungunan gyambon ciki kuma suna hana velpatasvir shiga jini yadda ya kamata. Ki nisanci haɗe-haɗen da ake tallatawa da sunan wanke hanta, don ba su kashe ƙwayar, wasunsu ma hantar suke ƙara wa aiki. Idan kin fara, kada ki tsallake kwana, kada kuma ki tsaya don kin ji daɗin jikinki. Hukuncin warkewa yana zuwa ne mako 12 bayan ƙwaya ta ƙarshe, da gwajin PCR mai neman ƙwayar kanta a jini. Gwajin garkuwa zai iya ci gaba da nuna alama har ƙarshen rayuwa, don haka kada wani ya tayar miki da hankali da shi nan gaba.

Maganar haihuwa tana da sauƙi idan aka bi ta a jere. Ki yi magani, a tabbatar kin warke, sannan ki nemi ciki, tsakani bai wuce wata shida zuwa bakwai ba. Ba a saba ba masu ciki waɗannan magunguna ba, saboda haka ki tabbatar ba ki da ciki kafin ki fara, ki kuma yi tsarin hana ɗaukarsa har ki gama. Idan likita ya ga dole ya haɗa miki da ribavirin, wanda akan ƙara wa wasu masu jinsi na 3 da hantarsu ta taurare, to shi yana nakasa ɗan tayi, sai an jira aƙalla wata tara bayan an daina shi. Uwar da ta warke ba ta da abin da za ta ba jaririnta. 'Ya'yanki biyu kuwa a kai su gwaji, domin uwa mai cutar tana iya ba ɗanta lokacin ciki ko haihuwa, kimanin yara 5 zuwa 6 cikin 100. Mafi rinjayen zato lafiyarsu ƙalau, kuma ko an samu ɗaya da ita, ana yi wa yara magani tun daga shekara 3.

Kin tambaya ko za ki iya sake sa wa maigidanki. A ƙa'ida yana yiwuwa, domin warkewa ba ta barin kariya, wanda ya warke yana iya sake kamuwa da jinsin da ya rabu da shi ko da wani. Shi ya sa ya kamata ya yi gwajin PCR yanzu, ya kuma maimaita bayan kin gama magani. Kariyar da ake buƙata a gida ba ta da yawa: kowa da rezarsa da buroshin haƙorinsa da abin yanke farcensa, a rufe rauni, a goge jinin da ya zuba da ruwan bilic, a kuma kauce wa saduwa lokacin da akwai jini ko rauni, ko a yi amfani da kwaroron roba har ki warke idan hakan zai fi kwantar muku da hankali. Cutar ba ta bin kwano ko kofi ko gumi ko runguma ko kwana a gado ɗaya. Ƙauracewar da ya yi ba ta da wani tushe a likitance.

Ban so in yi masa hukunci daga jin ɓangare ɗaya, kuma ina ganin akwai abin da ke ƙarƙashin tambayarsa. Mutumin da ya shekara huɗu yana fargabar ko ya cutar da matarsa, ranar da takarda ta fito sai ya ga abin da yake tsoro ya tabbata, kusa da shi kuma ga wani abu da ba nasa ba. Mai neman inda zai sauke nauyin da ke kansa yakan kama irin wannan da sauri. Wannan bayani ne kawai, bai wanke shi ba, domin ya jefi matar da ta yi shekara 11 tare da shi da magana mai nauyi a kan lambar da bai fahimta ba, a daidai lokacin da take buƙatar a riƙe mata hannu. Rashin sani ya fi dare duhu. Ke ma akwai naki ɗan rabon: an ce ki yi gwaji shekara huɗu da suka wuce kika ƙi, kuma yana iya jin haushin wannan bai faɗa ba. Idan kika fara da amincewa da wannan kuskure, za ki ga ƙofar magana ta fi saurin buɗewa, kuma yin haka bai rage komai daga gaskiyarki a kan babban zancen ba.

Shawarata ita ce kada ki yi ta rantse-rantse kina kare kanki a ɗaki, don zargi irin wannan ba ya mutuwa da rantsuwa, kullum sai ya nemi wata. Ki zaɓi lokacin da yara suka yi barci kuma ransa a kwance yake, ki faɗa masa a taƙaice cewa maganarsa ta yi miki ciwo, cewa ba ki da abin ɓoyewa, kuma kina roƙonsa abu ɗaya, ya raka ki wurin likitan hanta ya yi wannan tambaya da bakinsa. Kafin ranar, ki sanar da likitan abin da ke faruwa domin ya ba zancen lokacinsa. Namijin da ya ƙi jin bayani daga matarsa sau da yawa yakan karɓe shi daga likita cikin minti goma, musamman shi da ya taɓa zama a kan wannan kujera a matsayin mara lafiya. Idan ya ƙi zuwa, ki roƙi likitan ya rubuta gajeren bayani a kan hanyoyin kamuwa, ko ki ajiye masa wannan amsa inda zai gani ya karanta shi kaɗai, domin wasu mazan sun fi iya sauka daga matsayinsu idan babu mai kallonsu. Idan makonni suka wuce yana nan a kan bakansa, sai ki nemi mutum ɗaya tak da yake jin nauyinsa kuma ya iya riƙe sirri, zai fi kyau a ce yana da ilimin lafiya. Ban ba ki shawarar kai maganar gaban dangi da yawa ba, domin zargi idan ya fita daga ɗaki ba ya komawa, ko bayan mai shi ya janye.

Abin da ba zan so ki yi ba shi ne ki ɗaure maganinki da saukowarsa. Ko ya raka ki ko bai raka ki ba, ki nemi ganin likitan hanta a cikin makon nan ko na gaba. Ki tafi da takardar da ta nuna jinsunan biyu, da sakamakon PCR idan an yi, da sunayen magungunan da kike sha, da shekarun da aka yi miki ƙarin jini gwargwadon abin da kika tuna, da takardun maganin maigidanki idan ya ba ki. Ki kuma tambayi likitan ko tiyatar da aka shirya za ta iya jira har ki gama magani ko gara a yi ta tukuna. Idan sakamakon yaran ya fito kuma kin fara shan magani, ki sake rubuto mini in ji yadda ake ciki. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya daidaita tsakaninku.